Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Kwanan Wata a Cikin Rajista Guda

A makon jiya na tsaya a inda malaminmu ya gama gabatar mana da rajistocin 8086, ƙwaƙwalwar kwamfutar da kamfanin Intel ya fitar a 1978. Rajista ƙaramar ma'ajiyar adadi ce a cikin injin: AX, BX, CX da DX, kowace na ɗaukar bit 16 (bit gurbi ne mai riƙe 0 ko 1). Aikin da ya biyo baya shi ne ya sa na daina kallon harshen asembili, wanda ake ba injin umarni da shi kai tsaye, a matsayin haddar umarni kawai.

Malam ya rubuta 21 ga Yuni 1994 a allo, ya ce mu cusa shi duka cikin rajista guda. Aji ya yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai 1994 kaɗai ta cinye bit 11." Malam ya ce, "Wa ya ce ku ajiye 1994?"

Sai ya warware mana yadda DOS, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, ke adana ranar kowane fayil a FAT, tsarinta na jera fayiloli a faifai. Rana ba ta wuce 31, bit 5 sun ishe ta. Wata ba ya wuce 12, ya ɗauki bit 4. Saura bit 7, waɗanda ke ƙirga daga 0 zuwa 127, aka ba shekara, amma ana fara lissafinta daga 1980. Kenan 1994 ta koma 14, kuma tsarin zai kai har 2107 kafin wuri ya ƙare masa.

Haɗa ukun kuwa da umarni biyu ake yi. SHL yana tura duk bit ɗin rajista hagu, yana cike gurbin da suka bari a dama da sifili. OR kuma ya zuba sabon adadi a wannan gurbi. Kamar mutanen da ke zaune a benci ne, sai sun matsa baƙo ke samun wurin zama. Ka sa 14 a AX, ka tura ta gida 4, ta zama 224. Ka yi OR da BX mai ɗauke da 6, ka samu 230. Ka sake turawa gida 5, ka zuba 21 daga DX. Abin da ya fito 7381 ne, wato 1CD5 a lissafin sha shida, mai alamomi 16 daga 0 zuwa F. Shekara, wata da rana duk suna ciki, babu wanda ya taka wani.

Wani abin haushi da 8086 shi ne ba ya yarda ka rubuta SHL AX, 4 kai tsaye. Ko dai ka tura gida ɗaya, ko ka zuba adadin a CL, rabin ƙasa na CX, tukuna. Sai a 80186 na 1982 aka sassauta. Shi ya sa duk wanda ya koyi aikin a tsohon injin za ka ga yana kaffa-kaffa da CX, ba ya barin komai mai muhimmanci a cikinta.

Abokin zamana ya riga kowa gamawa, amma shirinsa ya dage cewa shekarar 2010 ce. Wata daidai, rana daidai, shekara ta yi tsalle da 16. Malam bai gaya masa amsa ba. Ya ce, "Buɗe DEBUG, ka bi shi da T, layi-layi." DEBUG manhaja ce ta gano kuskure a shiri, T kuma umarninta ne mai gudanar da layi ɗaya ya nuna abin da ke cikin rajistoci. Muka zuba wa allon kwamfutar ido. Da muka iso kan OR na farko, sai ga BX tana nuna 0106 maimakon 0006. Ashe a BL, rabin ƙasa na BX, ya zuba watan, ita kuwa BH, rabin sama na rajistar, tana riƙe da 1 da wani lissafi na baya ya bari. OR ba ya share komai, duk abin da ya tarar a kunne ɗauka yake. Wannan 1 ɗin ya faɗa filin shekara, 14 ta zama 30. Layi ɗaya ya gyara shi, AND BX, 0Fh kafin haɗawa, wanda ke kashe komai sai bit huɗu na ƙasa.

A ranar aka yi musu a kan amfani da ADD, umarnin tarawa, a madadin OR. Wasu suka ce tunda filayen ba sa haɗuwa, tarawa ma amsa ɗaya za ta bayar, kuma gaskiyarsu ne. Ni dai har gobe OR nake zaɓa, don mai karanta shirin zai gane nan take cewa jera filaye ake yi, ba lissafi ba. Sannan idan datti ya shiga, OR ba ya da ragowar da za ta haura ta ɓata filin maƙwabci, ADD kuwa yana da ita.

Daga baya da na koma aiki a kan ARM, wani nau'in injin daban da 8086, na tarar ana tura rajista a haɗa ta da wata a umarni guda: ORR r0, r1, r2, LSL #5. Abin da muke yi da layi uku ke nan.

Kafin mu tashi Malam ya ba mu aikin gida: mu cusa awa, minti da daƙiƙa a bit 16. Awa na son 5, minti 6, daƙiƙa 6, jimla 17. Yadda FAT ta yi da bit ɗin da ya yi yawa, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.