Tarihin Jack Dorsey, Kashi Na Uku: Cinikin Dala 2,000 Da Ya Watse

A makon jiya mun tsaya a watan Oktoban 2008, lokacin da aka sauke Jack Dorsey daga shugabancin Twitter, Evan Williams, wanda suka kafa kamfanin tare, ya hau. An bar masa muƙamin shugaban hukumar daraktoci, amma harkar yau da kullum ta fita daga hannunsa. Shekararsa 31 a lokacin.

Mafita ta zo masa daga garinsu, St. Louis. Can yana da tsohon maigida, Jim McKelvey, wanda ya taɓa ɗaukarsa aiki a kamfaninsa na kwamfuta tun Dorsey yana ɗan shekara 15. McKelvey yana da wata sana'ar ta daban: narka gilashi yana ƙera kayan ado. Wata rana aka taya wani kan famfo na gilashi da ya ƙera a kan kusan dala 2,000, mai sayen na son biya da katin American Express, shi kuma ba shi da hanyar karɓar wannan katin. Ciniki ya watse. Ga waya mai tsada a hannunsa, tana aika saƙo tana nuna taswira, amma ta kasa karɓar masa kuɗi. A 2009 su biyun suka kafa kamfanin Square, don karɓar kuɗin kati ta waya.

A Amurka ta wancan lokaci, ƙaramin ɗan kasuwa ba ya wayar gari kawai ya fara karɓar kati. Sai ya nemi asusu na musamman ta hannun banki ko dillali, a binciki tarihin bashinsa, ya sayi na'ura ko ya yi hayarta, ya riƙa biyan kuɗin wata ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Mai aski da mai sayar da abinci a mota da direban tasi, da yawansu tsabar kuɗi kawai suke karɓa.

Na'urar da suka fito da ita 'yar farar roba ce mai kusurwa huɗu, ba ta fi girman kan sarki na wasiƙa ba sosai. A cikinta akwai ɗan kai mai karanta maganaɗisu, irin wanda ke cikin rediyo mai kaset. Baƙin layin nan da ke bayan kati yana ɗauke da lambar katin da ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan aka goga katin, kan zai mai da bayanan sigina irin ta sauti, ta shiga waya ta ramin iyafis kamar maganar makirufo, manhaja ta fassara ta zuwa lambobi, ta tura ta intanet a nemi amincewar banki. Mai saye ya sa hannu da yatsa a fuskar wayar, rasit ya iso masa ta imel ko saƙon tes.

Me ya sa ramin iyafis? Domin a lokacin kusan kowace waya tana da shi, iPhone ce ko Android, kuma ba sai an nemi lasisin Apple na haɗa kaya da ramin caji ba. Na'urar farko ko batir ba ta da shi. Arharta ta sa suka iya raba ta kyauta.

Tana da nata aibu. Saboda ƙanƙantarta, kati yakan karkace a tsakiyar guga, ko ita kanta ta juya a cikin ramin. A goga da sauri ta ƙi, a goga da sanyin jiki ta ƙi. A watan Maris na 2011 kuma kamfanin VeriFone, babban mai ƙera na'urorin POS, ya fito fili ya ce na'urar ba ta kulle bayanan kati, don haka ɓarawo zai iya rubuta manhajar bogi ya kwashe lambobin mutane. Kishiya ce ke magana, amma akwai ƙamshin gaskiya, kuma daga baya Square ya fitar da wadda ke kulle bayanan tun daga cikinta.

A ganina robar nan ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai ɗauki asara. Square ya tsaya a matsayin babban ɗan kasuwa guda a gaban banki da Visa da Mastercard, dubban ƙananan 'yan kasuwa suka fake a ƙarƙashinsa. Idan mai kati ya kai ƙara bankinsa cewa ba shi ya yi sayayyar ba, banki zai janye kuɗin. In ɗan kasuwar ya riga ya kwashe ya ɓace, Square ne zai biya. Wannan na cikin abin da ya jinkirta rabon na'urar a 2010, kuma shi ya sa da farko aka sa iyaka: abin da ya haura kimanin dala 1,000 a mako sai a riƙe shi kwana 30. 'Yan kasuwa sun yi ta ƙorafi, amma babu mai raba na'ura ga wanda bai sani ba ya kuma sakar masa kuɗi ba linzami.

Sai lissafin riba. A 2011 farashin ya zama kashi 2.75 cikin ɗari a kowace guga, babu kuɗin wata. In an buga lambar kati da hannu, kashi 3.5 da senti 15, domin nan ne zamba ta fi yawa. A cinikin dala 100, Square zai cire dala 2.75, amma kaso mafi tsoka na bankin da ya ba da katin ne, sai kamfanin kati ya ɗauki nasa. Matsalar tana ga ƙananan ciniki. Kuɗin banki yana da wani yanki tsayayye: a katin cire kuɗi na manyan bankuna, dokar da ta fara aiki a Oktoban 2011 ta ƙayyade shi a kusan senti 22. Kofin gahawa na dala 4 kuwa senti 11 kacal zai kawo. Ka ga duk guga faɗuwa ce. Duk mai sana'ar POS da ya taɓa zama ya lissafa cajin da ake cire masa a ƙaramin kuɗi ya san wannan ciwon.

Duk da haka, a Agustan 2012 Dorsey ya ƙulla yarjejeniya da Starbucks, kamfanin shagunan gahawa, sarkin ƙananan ciniki. Starbucks ya zuba jarin dala miliyan 25, shugabansa Howard Schultz ya shiga hukumar daraktoci, Square ya karɓi sarrafa cinikin kati na shaguna kusan 7,000. Suna ya ɗaukaka, aljihu ya ji jiki. Takardun da kamfanin ya miƙa kafin shiga kasuwar hannun jari sun nuna asarar kimanin dala miliyan 70 a kan wannan harka kaɗai zuwa tsakiyar 2015.

Da wannan tabon Square ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Nuwamban 2015, a kan dala 9 kowane hannu, ƙasa da dala 11 zuwa 13 da aka yi niyya. Wata guda kafin nan Twitter ya tabbatar da Dorsey a matsayin shugaba karo na biyu, ya zama yana riƙe da kamfanoni biyu a lokaci guda. Yadda ya raba yininsa tsakaninsu, da yadda wata 'yar manhajar tura kuɗi da suka fitar a 2013 ta zama Cash App, sai a kashi na huɗu, mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.