Abin da aikin rajistar ƴan gudun hijira ya koya mini a Tahoua

Ni dai aikina cika fish ne, wato takardar tambayoyin rajista. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke mu, mu shiga ƙauyuka da rugage da tablet a hannu muna rubuta mutanen da suka baro gidajensu, su nawa ne, daga ina, yaushe, me suka fi buƙata. A cikin tambayoyin akwai guda da kullum sai ta tsayar da mu, wai me ya raba ka da gida. An riga an jera amsoshin, rikici, fari, ambaliya, kuma guda ɗaya tak na'urar take karɓa.

Wani dattijo makiyayi da muka tarar wajen Abalak da na yi mishi tambayar sai ya ce ɗana, daga ina kake so in faro? Na ce Baba, duk inda ya yi maka. Ya ce ciyawa ce ba ta yi ba a inda suka saba kiwo, kuma wannan ba sabon abu ba ne, in da ne sai su zarce yamma wajen iyakar Mali su yi wata biyu su dawo, amma yanzu can mutanen daji ne, su tare ka su ƙirga shanunka su ware nasu su ce zakka ce, wata ƙungiyar ma ta zo bayansu ta ce ita ba ta san da wancan biyan ba. Sai suka tsaya wuri guda kan rijiya guda da garkuna barkatai, shanu suka rame, buhun dusa ya fi ƙarfinshi, ya riƙa sayar da saniya kuɗin da a da ko maraƙi ba zai bayar ba. Da labari ya zo an kashe mutane a zangon da ke kusa da su, ai dama babu sauran abin tsayawa a kai. Rikici na danna mishi, don sai an danna wani abu kafin shafi ya wuce.

Daga irin wannan hirar na gane abin da har yau nake gardama a kai in an taru reniyo, wato taron aiki. Fari ba baƙo ba ne a Adar da Azawak, wato kudu da arewacin jihar Tahoua a Nijar. An yi na 1973 da 1974, an yi na 1984, an sha yunwa a 2005 da 2010, kuma abin da ya riƙe mutane duk tsawon nan ƙafa ce. Da an gama girbi samarin Adar sun ɗau jaka sun tafi cin rani, Najeriya, Abijan, Libiya, Aljeriya, bakin ci ya ragu a gida kuɗi kuma su shigo. Makiyayi da damina ya hau arewa har Ingal dabbobi su lashi gishiri, in an kwashe amfanin gona ya gangaro kudu su ci kara su bar ma manomi taki. Dokar 1961 da ta ja iyakar noma ta ce daga nan zuwa arewa na kiwo ne, ita ma kan wannan kai da kawowar aka gina ta. Zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi, to mutanenmu sun daɗe da sanin haka. Abin da rikicin nan ya yi shi ne ya toshe hanyoyin, shi ya sa shekarar da a da za a ce damina ba ta yi kyau ba kawai, yanzu sai ta tashi gari.

Ku duba yadda aka matse su. Tun da Mali ta rikice a 2012 ƴan gudun hijira suka shigo arewacin jihar, a Oktoban 2016 aka kashe sojoji 22 a Tazalit wajen da suke gadin sansanin ƴan gudun hijirar, a 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tillia da Tassara. A ƙarshen Mayun 2020 da aka kai hari Intikane, bayan kashe shugabannin jama'a sai da maharan suka lalata kayan ruwan wurin, kuma duk wanda ya san Azawak ya san in ka taɓa ruwa ba sai ka kori kowa ba, da kansu za su tashi. Sai kuma Maris 2021, Bakorat da Intazayene da zangunan da ke kewaye, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe rana guda. Wannan arewa ke nan. Kudu kuwa ƴan bindigar Sakkwato da Zamfara ne, satar shanu da satar mutane har cikin ƙasar Konni da Madawa, ƴan Najeriya ma sun tsallako sun cika Bangi. To ina mai garke zai nufa? Ga rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, wata da watanni mai albasar Galmi na kallon kayanshi, ɗan cin rani kuma sai ta ɓarauniyar hanya.

Su ma matakan tsaron suna da nasu kuɗin da talaka ke biya. Inda aka hana yawo da moto na san dalili, da shi maharan ke zuwa, amma da shi ake kai mai naƙuda likita, da shi ake kai akuya kasuwa.

In muka sauka Yamai taron bita sai ka ji wani ya tashi da majigi yana cewa canjin yanayi ne ke haifar da ta'addanci, a tafa mishi a tafi shan kafe. Ni wannan maganar ta yi mini sauƙi da yawa. Keita ma ai ta ga farin 1984, ƙasarta duwatsu ne da kwazazzabai, amma abin da mutanenta suka ɗauka shebur ne da diga, porjen da Italiya ta ba kuɗi ya fara a shekarar, mata ne suka yi mafi yawan aikin, suna jera duwatsu suna tare ruwa ana biyan su da abinci. Kwarin Majiya wajen Buza tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. Rana guda ce ke dukan su da mutanen Tillia. Ban ce yanayi bai canja ba fa, ya canja, ruwan yanzu in ya tashi zuwa sai ya zo a haukace, daminar 2024 ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan har aka ɗage komawa lakkal zuwa 28 ga Oktoba don mutane na kwana cikin azuzuwa. Amma tsakanin rashin ruwa da ɗaukar bindiga akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan akwai tambayar wa zai raba gardama.

Na taɓa zama wajen irin wannan rabon a wani ƙauye kudu da Badagishiri. Shanu sun gangaro da wuri tun ba a yi shelar sakin gonaki ba, don can sama ba zama, suka faɗa gonar wake da dare. Da safe mai gari ya aika aka kira ardo da liman da mutanen kwamitin ƙasa na ƙauyen, wanda ake ce ma kofo, aka taka har gonar. Aka bi sawu, aka auna inda aka ci da taki, mai gona na cewa buhu kaza ardo na cewa haba malam ji tsoron Allah, wani tsoho ya tsuguna ya tsinko kwanson wake ya ɓare ya nuna ma kowa cewa rabinshi dama tsutsa ta riga shanu. Aka yi dariya, aka yanke kuɗi, yaron da ya yi barci ya bar shanun ya sha faɗa wajen ubanshi, kafin azahar an watse. Irin wannan ɓarnar ce fa a Bangi a Nuwamban 2016 ta zama faɗan da ya ci mutum 18.

Kwamitocin nan tun dokar karkara ta 1993 suke a takarda, a 2010 aka ƙara da dokar makiyaya wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Sai dai da yawansu ko kuɗin mai na zuwa duba burtalin da aka nome ba su da shi, kuma masu ba da kuɗi sun fi son abin da za a ɗauki hoto a manna tambari. Mafi muni, masu bindiga sun gane wa ke riƙe da gari, shi ya sa hakimai da masu gari suke fara nema, in mai gari ya gudu birni to ranar da shanu suka shiga gona babu mai kiran kowa, kowa sai ya nemi wanda zai tsaya mishi.

Sai maganar masu masauki, wadda fish ɗinmu ba ta ma tambaya. Kafin motarmu ta iso da sati ko wata, mutanen gari ne suka buɗe rumbu suka ba baƙi tiya biyu uku ta hatsi, suka bar su suna jera bidon a famfonsu. Mu zo mu rubuta baƙi kaɗai, ranar rabo mai masaukin da hatsinshi ya ƙare yana tsaye yana kallo. Gona ma haka, a ara ma baƙo fako wanda ko ciyawa ba ya fiddawa, ya kwashe rani yana haƙa tassa, ƴan ramukan shuka masu tare ruwa, yana zuba taki, da ƙasar ta farfaɗo sai ɗan mai gona ya dawo daga Abijan ya ce ta ubanshi ce. Shi ya sa yanzu duk garin da muka shiga nake roƙon mai gari a yi takardar aro a gaban kofo, a rubuta shekara nawa, ko da kuwa mai gonar zai ɓata rai ya ce ana zargin shi ne.