Inda nake sa ido a kan sabon binciken likitanci

Duk wanda ya kama aiki a laburaren asibitin koyarwa, abin da yake fara yi shi ne rajistar karɓar saƙo daga kowace mujallar da ya taɓa jin sunanta. Kafin wata ya ƙare imel ɗinsa ya tumbatsa, ya daina ma buɗewa. Ni kam tambayoyin da likitoci da ɗaliban jinya ke kawowa teburina su ke zaɓar mini abin da zan bi: sikila, zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu, da sanƙarau da zarar zafi ya kunno kai.

Ginshiƙin aikina PubMed ne, shafin intanet na neman maƙalolin likitanci. Babban laburaren likitanci na Amurka ke tafiyar da shi, kyauta yake ga kowa tun 1997, kuma ya tara bayanan maƙaloli sama da miliyan 35. Wannan tarin ba a bin sa gaba ɗaya. Na buɗe asusu, na tsara bincike ɗaya a kan sikila da Najeriya da Nijar, na ajiye shi, na ce a riƙa turo mini sababbi duk Litinin. Nakan haɗa kalmomin MeSH, wato tsayayyun kalmomin da ake liƙa wa maƙala don nuna batunta, da kalmomin da ke cikin taken maƙala, domin ba kowace maƙala aka liƙa wa MeSH ba, in ka dogara da shi kaɗai wasu za su wuce ka.

Sai dai mujallunmu na Afirka da yawa ba su cikin PubMed. Su a AJOL nake samun su, shafin da ke tattara mujallun bincike na Afirka, wanda aka fara a 1998. Batun annoba kuwa ba na jiran mujalla, rahoton mako-mako na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, nake dubawa. Lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, can muka riƙa ganin alƙaluma tun kafin a buga maƙala a kai.

Abin da ya fi damuna, kuma abokan aiki suka fi sakaci da shi, shi ne bin diddigin binciken da aka janye. Ku tuna Mayun 2020, da mujallar Lancet ta buga wani bincike da ya ce maganin hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin saboda shi. Mako biyu kacal aka janye binciken, don kamfanin Surgisphere da ya ba da alƙaluman ya ƙi bari a tantance su. To wanda ya sauke takardar a wayarsa ranar farko fa? Tana nan yadda take, ba tambarin janyewa, ana tura ta daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Wata rana ɗalibi zai kafa hujja da ita a kundinsa, ko likita ya karanta ta kafin zagayen marasa lafiya.

Shi ya sa ba na wasa da Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin maƙalolin da aka janye. Ivan Oransky da Adam Marcus suka kafa shi a 2010, kuma tun 2023 rumbun bayanansu ya koma hannun Crossref, ƙungiyar da ke rajistar bayanan maƙaloli, kowa na iya dubawa ba ko sisi. Manhajar Zotero ta ajiye maƙaloli da tsara jerin manazarta ma tana jingina da shi: in maƙalar da ka ajiye an janye ta, jan gargaɗi zai bayyana a samanta.

Yanzu duk likita mai neman ƙwarewa da ya kawo mini kundinsa don in gyara masa jerin manazarta, sai na ce, ranka ya daɗe, bari mu fara zuba su a Zotero. Muna zaune tare muke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ta fito da ja, a nan take muke nema mata madadi kafin kundin ya je gaban masu jarrabawa.