Kada Mai Kaya Ya Gwada Maka Kayansa

Ɗan ƙanena ya same ni a gida a Agege yana nuna min bidiyon wani jirgi maras matuƙi da kamfanin tsaron da yake wa aiki a Apapa zai saya. Na ce, "Kun gwada shi?" Ya ce, "Baffa, ai ga bidiyon nan." Raina ya ɓaci, don irin wautar da na tafka ce.

Ina cikin kaki aka sa ni a kwamitin karɓar oba-oba. Ɗan kwangila ya kai mu wani otal a Ikeja, ga sanyin na'ura, ga shinkafa da kaza. Injiniyansa yana saman bene, mu muna ƙasa, murya na fita tar. Na sa hannu. Da aka kai su fadama cikin damina, laima ta shige su, batir ba ya kai azahar, yara suka koma kiran juna da wayoyinsu. Ban ci ko kwabo ba, Allah ne shaida. Kuma oga ya riga ya yanke magana, nawa cika takarda ne kawai. Wa ya isa ya ce a'a, ga 'ya'ya a makaranta? Amma dai ba wanda ya murɗe min yatsa.

Manya ma an yi musu. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da makamin ƙarƙashin ruwa Mark 14 da tsada ta hana a gwada shi yadda ya kamata. Ya bi ta ƙasan jirgin abokan gaba ya wuce, ko ya daki jirgin ya ƙi fashewa, sai a 1943 aka shawo kansa. Iraƙi kuwa ta sayi ADE 651, wai na'urar gano bam, alhali fanko ce. A 2013 kotun Ingila ta ɗaure mai sayar da ita, James McCormick, shekara 10.

Na yi niyyar jero muku shawarwari, abin da ya rage kaɗan ne. A ba kurtu kayan, wanda ya kwana a tsaye, ya gwada cikin ruwan sama da iskar teku mai cin ƙarfe, mai kaya yana waje. In ba a yi haka ba, kada ka sa hannu. To, in abincinka zai taɓu, sa, amma rubuta ƙorafinka ka ɓoye kwafi a gida. Kodayake ku yaran yanzu wace takarda kuke ajiyewa? Komai a waya, wayar ma gobe ta koma Computer Village, kasuwar wayoyi ta Legas.