Kwamfutata ta ci jarrabawar hunturu, bazara ta kayar da ita

A watan Janairu na zauna na ƙara wa kwamfutata gudu, abin da 'yan harka ke ce wa obakulok. Sanyi ake yi sosai a Kano a lokacin, da asuba sai da rigar sanyi ake fita masallaci, ɗakina kuwa ko fanka ba na kunnawa. Na shiga BIOS, wato shafin saitin kayan cikin kwamfuta, na taɓa nan na taɓa can, na saka mata manhajojin gwaji masu ɗora aiki mai nauyi, Cinebench da farko, na bi da Prime95 har awa biyu, ko tari ba ta yi ba. Na mayar da murfin akwati na ɗaure kusoshi. Har Maris ya ƙare ba ta ba ni matsala ko sau ɗaya ba.

Da hannuna na haɗa ta, kaya ɗaya bayan ɗaya, wajen shekara guda ina tari, wasu sababbi daga Beirut Road, wasu na hannu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600X ne, mai ƙwayoyi shida da ke raba aiki a tsakaninsu, wanda AMD ta fitar a ƙarshen 2020, gudunsa na ƙa'ida daga 3.7 zuwa 4.6 GHz. Katin hoto RTX 3060 mai 12GB. RAM, ma'ajiyar wucin gadi da bayanai ke bi ta cikinta lokacin aiki, sanda biyu, kowace 8GB, DDR4-3200. Da dare ina buga gem da abokai, da rana kuwa da ita nake haɗa bidiyon biki da na suna, kuma nan abincina yake. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya hana ni barci.

Abu uku na sauya a wancan zama. Na kunna PBO, saitin AMD da ke barin furosesa ya wuce iyakar kamfani, na ƙara masa 200 MHz, sannan na saka Curve Optimizer a kan -25 ga dukkan ƙwayoyin, wato na rage musu wutar da suke sha. Na ɗaga RAM daga 3200 zuwa 3600, na daidaita FCLK, gudun hanyar cikin furosesa da ke kai bayanai zuwa RAM, a 1800 don su tafi kafaɗa da kafaɗa. Katin hoto kuma na ƙara masa 150 MHz da manhajar MSI Afterburner. Lambobin nan duka a YouTube na kwafo su, wajen mutanen da ke zaune a ɗakuna masu digiri 20 ko 22. Ban tsaya na tambayi kaina digiri nawa ɗakina zai kai idan bazara ta kama ba.

Mako na biyu na Afrilu abin ya fara. Ina tsakiyar wasa da misalin ƙarfe uku na rana, sai gem ɗin ya rufe kansa, ba saƙo ba komai. Washegari shuɗin allo ya fito da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Bayan kwana biyu kuma wani salo daban ya ɓullo, wanda ya fi ɗaure min kai: na bar ta a kunne ba ta aikin komai, na tafi sallar la'asar, na dawo na tarar da ita tana neman lambar sirri kamar yanzu aka kunna ta. Ƙanena yana zaune a kan tabarma ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa ta ba. Allon ne ya yi baƙi, sai ta tashi da kanta."

Wuta na fara zargi, kamar yadda kowa zai yi a nan. Wani lokacin takan zo ba ƙarfi, ga sauyi daga ta layi zuwa janareto. Na aro UPS wajen maƙwabci na jona, kwana biyu a jere ta sake mutuwa. Na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, na ga lambar Kernel-Power 41 jere reras, na yi murna na ɗauka na kama ɓarawo. Daga baya na gane wannan lambar ba ta faɗin dalili. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfuta ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko da mutum ne ya fizge waya daga bango haka za ta rubuta.

Abin da ya sa na ajiye komai na fuskanci matsalar shi ne bidiyon wani biki. Na kwashe shi daga katin kyamara, na yi kwana biyu ina aiki, da na fitar da shi sai ga wasu wurare hoton ya farfashe, launi kore-kore, sauti na tsalle. RAM da ba ta zauna daidai ba, ba kullum take kashe kwamfuta ba. Wani lokaci shiru za ta yi ta juya ɗigo ɗaya a cikin bayanan da ke wucewa ta cikinta, a rubuta ɓarnar a faifai, ba wanda ya sani sai ranar da aka buɗe. Allah ya taimake ni ban goge katin ba. Na kira uwar amarya na ce, "Hajiya, don Allah a yi min haƙuri, a ƙara min kwana biyu." Ta ce ba komai, amma ni na san na ji nauyi.

Na ɗauki akwatin a Keke na kai wa wani abokina mai gyara. Bai ko kunce ta ba ya ce, "Mutumina, me ka taɓa a BIOS?" Na lissafa masa. Ya ce, "Duka rana ɗaya?" Na ce eh. Ya girgiza kai ya ce ruwa ba ya tsami banza, amma idan ka zuba abu uku a tukunya lokaci guda ba za ka san wanne ya ɓata miyar ba. Shawararsa ita ce in mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, in yi mako guda ina aiki, mu fara sanin ko kayan ne ke da ciwo ko ni ne na ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

A daren ban bi maganarsa nan take ba, na ce bari in ƙara gwada wani saiti na RAM tukuna. Na adana, ta mutu, ba ta dawo ba. Fankoki na juyawa, allo baƙi ƙirin, wata 'yar fitila ja a gefen madabod, babban farantin da kayan duka ke jone a kai, tana ci a kan rubutun DRAM, wato RAM. Na zare wayar wuta daga bango, na danna maɓallin kunnawa na riƙe don ragowar wutar ta fita, ƙanena ya haska min da fitilar waya. Batirin CMOS da ke riƙe saitin BIOS, ɗan zagayayyen nan CR2032 mai kama da kwabo, yana can ƙarƙashin katin hoto, sai da na cire katin kafin na kai gare shi. Na tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi da farce, ya yi tsalle ya faɗo tafin hannuna. Muka zauna minti biyar muna jira, gumi na ɗiga daga haɓata. Da na mayar na kunna, tambarin BIOS ya fito, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har Umma ta leƙo ta ce lafiya.

Tun da akwatin yana buɗe na duba na'urar sanyaya furosesa, sai na ga ƙurar hunturu ta yi kamar bargo tsakanin fanka da haƙarƙarin ƙarfen. Na fitar da ita tsakar gida na hure da bulowa, ina dafe kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, na goge tsohon man da ke kan furosesa na shafa sabo. Wannan kaɗai ya sauke zafi da wajen digiri 7 a HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan. Kafin nan yana kai 88 idan ina fitar da bidiyo, alhali iyakar 5600X digiri 95 ne, kuma a Janairu bai wuce 70 da 'yan kai ba.

Mako guda a saitin kamfani, ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Kayan lafiyarsu lau. Na sayi littafi mai falle 40 na ja layi: kwanan wata, abin da na sauya, zafin ɗaki, gwajin da na yi, sakamako. Na kafa wa kaina doka biyu, sauyi ɗaya a rana, gwaji kuma tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana da murfi a rufe, lokacin da ma'aunin da na rataye a bango ke nuna 37 ko 38.

Katin hoto bai ba ni wahala ba. A 150 allo kan yi ƙyaf ya dawo, gem ya rufe. Na sauke zuwa 100 ya zauna, na wuce.

RAM ce ta ci min kwanaki. A 3600, gwajin RAM na MemTest86 ya zagaya sau huɗu da sassafe bai ga kuskure ko ɗaya ba. Da rana ma wani gwajin RAM ɗin, TestMem5, shi kaɗai ya wuce lafiya. Na kusa wanke ta daga zargi, sai na tuna cewa ba ta taɓa faɗuwa a wasa ba sai bayan an yi minti talatin ko arba'in ana bugawa. Me ke faruwa a wannan lokacin? Katin hoton nan yana shan wajen wat 170, kuma zafin da yake fitarwa sama yake tashi, daidai inda sandunan RAM suke tsaye. Sai na kunna TestMem5 tare da FurMark, manhajar da ke ɗora wa katin hoto aiki, don katin ya gasa cikin akwatin kamar yadda yake yi a wasa. Minti 24 kuskure na farko ya fito, kafin awa guda sun kai tara. Na buɗe murfi na ɗora yatsa a kan sandar, ban iya barin sa a kai ba. Dalilin a fili yake: kowane ɗigon bayani a RAM 'yar wuta ce da aka ajiye a wani ƙanƙanin rumbu, kullum tana yoyo, shi ya sa ake sabunta ta sau da yawa a daƙiƙa guda. Zafi yana ƙara yoyon. Sandar da aka riga aka tura iyakarta ba ta da sauran sarari da za ta jure wannan. Na kuma tarar da saƙon WHEA-Logger mai lamba 19 jefi-jefi a Event Viewer, kurakuran da aka gyara a hanya, waɗanda a irin wannan furosesa sukan nuna FCLK bai zauna ba. Na mayar da RAM 3200 a kan 1.35 bolt, yadda aka rubuta a jikinta, kuma 3200 ɗin shi ne gudun da AMD ta lamunce, na ɗaura ƙaramar fanka tana hura mata. Awa uku na gwajin haɗin gwiwa, ba kuskure, lamba 19 ma ta ɓace.

Saura mutuwar da take yi idan ba ta aikin komai. Wannan ta Curve Optimizer ce, kuma ita ce ta fi saɓa wa hankali, don mutum zai zaci aiki mai nauyi ne ke kayar da kwamfuta. Idan duk ƙwayoyi shida suna aiki tare, gudunsu yakan ɗan sauka, wutar da aka rage ta ishe su, shi ya sa Prime95 ya wuce a Janairu. Amma idan kwamfuta tana hutawa, sai wani ƙaramin aiki ya taso, ƙwaya ɗaya ce ke zabura daga barci zuwa ƙololuwar gudu a ƙiftawar ido. A nan ne wutar ke gaza ta. Shaidar tana WHEA-Logger 18, inda aka rubuta Cache Hierarchy Error, a ƙasa kuma akwai APIC ID, lambar da ke nuna ƙwayar da ta faɗi. Tawa kullum 2 ko 3 take nunawa. Kowace ƙwaya lamba biyu gare ta, saboda haka ƙwaya ta 1 ke nan idan an fara ƙirga daga sifili. Na buɗe Ryzen Master, manhajar AMD, sai ga ƙwayar nan ita ce ɗauke da tauraron zinariya, wato mafi kyau a cikinsu. Ƙwayar da ta fi kyau ita Windows ke fara jefa wa aiki, ita ta fi hawa sama, kuma tun daga kamfani ba a bar mata rarar wuta mai yawa ba. Rage mata 25 zalunci ne.

Da CoreCycler na bi su, manhajar da ke ɗora aiki a kan ƙwaya ɗaya, ta sauke, ta koma ta gaba. Dare biyar ina barin ta tana zagayawa a kan inbata, da safe in duba wacce ta faɗi, in mayar mata da maki 3 ko 5, in rubuta. Ƙarin 200 MHz ɗin ma na cire shi gaba ɗaya, don a wasa ban ga abin da ya ƙara min ba da ido zai iya gani, zafi kawai yake jawowa. Rage wutar kuwa na riƙe shi, saboda a garinmu duk abin da zai sauke digiri uku ko huɗu ya fi min ƙarin gudu daraja.

Inda littafin ya tsaya yanzu: ƙwaya ta 1 a -8, ta 0 a -12, sauran huɗun a -20, RAM a 3200, katin hoto ƙarin 100. Na gudanar da sfc /scannow, umarnin da Windows ke duba fayilolinsa da shi, ya gyara wasu fayilolin Windows da suka lalace a wancan lokacin, na sake fitar da bidiyon Hajiya na kalle shi daga farko har ƙarshe kafin na kai mata. Abokina mai gyara ya ce idan sanyi ya dawo in ajiye saiti biyu a BIOS, ɗaya na hunturu mai 3600, ɗaya na bazara. Na ce masa a'a, na bazarar zan bari shekara duka, don bikin mutane ke bi ta cikin RAM ɗin nan. Yau kwana 41 ke nan ba ta mutu ba, kuma Mayu ya shiga cikin lissafin.