Posen ko Poznań: bin salsala da DNA

Laraba, bayan isha'i.

Tun safe nake kan sakamakon gwajin DNA na wani iyali a Amurka. Kakan kakansu ya bar Turai a ƙarni na 19, takardarsa ta ce daga Jamus yake, amma a gida an gaji cewa yaren Poland yake yi. Duka biyun na iya zama gaskiya. An raba Poland tsakanin Prussia (masarautar Jamusawa) da Rasha da Ostiriya a 1772 da 1793 da 1795, ba ta dawo ƙasa mai cin gashin kanta ba sai 1918. Ɗan Poland da aka haifa a lardin Posen (Poznań da yaren Poland) a lokacin, a takarda ɗan Prussia ne.

Kason asali da kamfanin gwajin, Ancestry, ya zana musu, wani sashe Jamus wani sashe Gabashin Turai, na ce su ajiye shi gefe. Mutanen yankin sun daɗe suna auratayya, kuma ƙiyasin yana sauyawa duk lokacin da kamfani ya sabunta samfuransa. Abin dogaro shi ne jerin dangin da gwajin ya haɗa su da su, da adadin santimogan (ma'aunin tsawon guntun DNA) da suka yi tarayya. 'Ya'yan wa da ƙani sukan haɗu a kusan 850, jikokin wa da ƙani kuwa kusan 230. Guntun da bai kai 7 ba ba na ɓata lokaci a kansa, yawanci dacewa ce kawai. Sannan a ƙauyen da aka yi ta auren zumunci, adadin yakan kumbura, ya nuna kusancin da babu shi.

Da yake Ancestry ba ya nuna a wane kuromosom aka haɗu, sai na sa aka sauke ɗanyen fayil aka ɗora a GEDmatch, shafin kwatanta sakamakon DNA. Nan mutum uku suka fito da guntu ɗaya a wuri ɗaya, kuma kowannensu ya haɗu da sauran biyun. Wannan shi ne sharaɗin: idan biyu kawai suka dace, wataƙila ta ɓangaren uwa ɗaya ya zo, ɗayan ta uba.

Bishiyar salsalar biyu daga cikinsu ta koma ƙauye ɗaya. Da la'asar na shiga Poznan Project, wanda ya tattara auren da aka ɗaura a lardin daga 1800 zuwa 1899. A nan ne mutane suka fi tuntuɓe, saboda suna. Limamin coci ya rubuta Adalbertus da Latin, ma'aikacin gwamnati ya rubuta Adalbert, a gida kuwa Wojciech ake kiransa. Szulc da Schulz mutum ɗaya ne. Matar Kowalski kuma Kowalska ce. Wanda ya nemi rubutu ɗaya tak zai rantse mutumin bai taɓa wanzuwa ba.

Rajistar gwamnati a Prussia ta fara ne a Oktoba 1874, don haka duk abin da ya gabaci wannan sai littafin coci, kuma dole a san Katolika ne ko mabiyin cocin Luther, domin littattafan daban suke. Gobe zan duba jerin fasinjojin tashar jiragen ruwa ta Hamburg na 1850 zuwa 1934, saboda yakan ambaci garin da mutum ya fito. Na tashar Bremen mafi yawansu an lalata su.