Macizan Kurmin Mangurof da Zancen Cikar Teku

Masu kula da gandun mangurof, wato itatuwan nan na bakin teku da ke tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a fili, sun fi mai da hankali kan ƙirga bishiya. Macijin wurin kuwa abin da ya dame shi shi ne teku ya cika ya janye a kan lokacinsa. A yawancin gaɓoɓi sau biyu ake yin haka a rana, wajen awa shida ruwa na shigowa, shida yana fita.

A gandun Sungei Buloh na Singafo, wanda aka ba cikakkiyar kariya a 2002, macijin da aka fi gani shi ne Cerberus, mai kai kamar na kare. Idanunsa da hancinsa a saman kai suke, kuma ƙofofin hancin na rufewa idan ya nutse. Da dare yake fita, bayan ruwa ya janye ya bar ƙananan kifaye a kududdufai. Dafinsa kaɗan ne, haƙoran dafin ma a can ƙuryar baki suke. Haihuwa yake yi, ba ya saka ƙwai.

Wani macijin, Gerarda, ya fi ban mamaki. Ƙaguwar da ta yi saɓa yake nema, tun ɓawonta bai ƙanƙare ba. Sai ya cafke ta, ya naɗe jikinsa kamar zobe, ya riƙa fizgo ta ta cikin zoben yana yage ta gunduwa-gunduwa. Maciji mai yanka loma, abin da ba a saba gani ba!

Inda ake yin ɓarna shi ne gina hanya ko bangon tafkin jatan lande a gefen gandu, a sa ƙaramin kwalbati. Ruwa ya shiga ya kasa fita, saiwoyin numfashi su shaƙe, ko kuma laka ta bushe ta tsage. Ƙaguwa ta fara ɓacewa, maciji ya bi ta, alhali bishiyoyin na tsaye da ganyensu. Tarkon ƙaguwa da tsohuwar koma da aka yar su ma suna kisa, domin da huhu macijin yake numfashi. In ya maƙale ruwa ya rufe shi, ya mutu.

Mai son sanin lafiyar gandu ya shiga da tocila bayan duhu, lokacin janyewar ruwa, ya bi layi ɗaya kowane wata yana rubuta adadin macizai da nau'insu. Ƙirgen rana tsaka yaudara ne, lokacin galibinsu suna cikin ramuka.